Baƙin ɗigon da ke gindin haƙorina: mugunya ce ko halitta?

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman wanda ya san kan hoton haƙori. Sati biyu ke nan haƙoran ƙasa na hagu suna yi min tsami, musamman in na sha ruwan sanyi. Na je wani asibitin kuɗi aka ɗauke ni ɗan ƙaramin hoton nan da ake cusa wa mutum a baki. Wanda ya duba ya nuna min wani baƙin abu zagayayye kamar ƙwayar wake a gindin saiwar haƙori ɗaya, ya ce mugunya ce ta taru, a cire haƙorin kowa ya huta. Na ce sai na yi shawara da maigida. Da na nuna wa ƙanwarsa da ke aikin jinya, tana ɗagawa ta ce ita a ganinta wannan rami ne da kowa ke da shi. To wa zan bi? Yaya za a yi rami a ƙashin mutum kuma a ce lafiya ƙalau? Shi haƙorin ko ɗigon baƙi babu a jikinsa, bai taɓa yin kogo ba.

Ɗan_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Hajiya, cire shi kawai, ai kina da talatin da ɗaya a ajiye.

Anti_Balaraba:
Kai dai ba ka rabo da shirme. Haƙori gashi ne da zai sake tsirowa? Maman Hanan kada ki bari a taɓa shi sai wani likitan ya sake gani. Ni giɓi biyu gare ni, ɗaya har yau ina cizon yatsa a kansa.

Likita_Mai_Turmi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba zan yanke hukunci a kan hoton da ban riƙe a hannuna ba, amma ki amsa min abu biyu. Ki tsaya gaban madubi, ki fara ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba na ƙasa ki yi hagu. Na nawa ne wanda aka ce a cire? Sannan in ruwan sanyi ya taɓa wurin, zafin yana tafiya nan take ko yana daɗewa?

Maman_Hanan:
Likita na ƙirga, na biyar ne. Zafin kuma kamar walƙiya yake, ya zo ya wuce.

Likita_Mai_Turmi:
Madalla. To ƙanwar maigidanki ba da ka ta yi magana ba. A ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wata hanya kamar bututu, ta faro daga can baya kusa da kunne ta biyo ƙarƙashin saiwoyin turame. Cikinta jijiyar ji ce da jijiyoyin jini. In ta iso wajen haƙori na huɗu da na biyar sai reshenta ya ɓullo waje ta wata 'yar ƙofa, ya tafi leɓen ƙasa da haɓa. Shi ya sa in aka yi wa mutum allurar kashe zafi a can baya, sai ya ji leɓensa ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Wannan ƙofa kowa na da ita, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma a hoto baƙa take fitowa, zagayayya. In aka yi rashin sa'a inuwarta ta faɗo daidai kan tsinin saiwa, sai ta yi kama da ƙurji sak. Amma kama da wane ba ta wane.

Abin da ya ƙara sa ni shakka shi ne sanyin da kike ji. Kafin mugunya ta taru a gindin saiwa har ta cinye ƙashi, galibi sai ɓargon haƙorin ya mutu, kuma mataccen haƙori ba ya jin sanyi. Sai dai ban sani ba ko na biyar ɗin ne ke jin sanyin ko maƙwabcinsa. Baki yana da ruɗi, mutum kan nuna wannan alhali wancan ne mai laifin.

Ba_Ruwana77:
Ku likitoci kullum haka kuke, wannan ya ce baƙi ciwo ne, wancan ya ce baƙi lafiya ne. To mu ina za mu kama? Ni na ɗauka duk inda ya yi baƙi a hoto ruɓa ce.

Mai_Ɗaukar_Hoto:
Malam Ba_Ruwana, bari in shigo tunda aikina ke nan. Hoton nan ba irin na waya ba ne, inuwa ce. Haske ne ke ratsa jiki ya sauka a kan fim. Abin da ya yi tauri ya tare hasken sai wurinsa ya fito fari, abin da hasken ya ratsa cikin sauƙi sai ya fito baƙi. Shi ke nan. Fim bai san ciwo ba, bai san lafiya ba. Iska baƙa ce, nama duhu-duhu ne, rami na halitta baƙi ne, ramin da cuta ta haƙa shi ma baƙi ne.

Ka ɗauki lafiyayyen haƙori ɗaya. Ɓawon saman nan mai sheƙi shi ya fi komai na jikin ɗan Adam tauri, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, don haka shi ya fi fari, kamar hula a kan haƙorin. Na ƙarƙashinsa, wanda shi ne gangar jikin haƙorin har saiwa, kusan kashi 70 ne, sai ya fito toka-toka. A tsakiya kuma za ka ga baƙin layi ya gangara har ƙarshen saiwa, wannan ɗakin ɓargo ne, inda jijiya take. Na sha ganin mutum ya ɗora yatsa a kan wannan layin ya ce ga tsutsar nan.

Ɗan_Gwammaja:
To ai da ma tsutsar nake jira a ambata. Ni da idona na ga mai magani a kasuwa ya turara wa mutum hayaƙi, tsutsotsi suka zubo a cikin kwano.

Ɗaliba_Zee:
Yaya Ɗan_Gwammaja, ka ga dabara dai, ba ka ga tsutsa ba. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, su ci sukarin da ya maƙale su fitar da tsami, tsamin ya narkar da haƙori. Na kalli hotuna sun fi a ƙirga a makaranta, ban taɓa cin karo da tsutsa ko ɗaya ba.

Maman Hanan, ga abin da malamanmu ke sa mu duba kafin mu buɗe baki. Kowace saiwa tana da wani siririn baƙin zare da ya zagaye ta, shi ne gurbin 'yan igiyoyin da suka ɗaure haƙori da ƙashi, faɗinsa bai kai rabin milimita ba. Bayan baƙin zaren sai farin zare, wato bangon ramin da haƙorin ke zaune a ciki, mu kan ce masa lamina dura. Sai ka bi farin zaren nan da ido tun daga wuya har ka zagayo tsinin saiwa. In ya zagayo bai yanke ba, ko da baƙin ɗigo na zaune a wurin, akwai alamar ɗigon ba daga haƙorin yake ba. In kuwa zaren ya zo gindi ya ɓace, baƙin ya haɗe da saiwar, to nan ne hankali ke tashi. Sunan ƙofar da Likita ya faɗa kuma mental foramin.

Ɗan_Gwammaja:
Mental? Wato kowa da 'yar ƙofar haukarsa a haɓa. Yanzu na gane wasu 'yan gidan nan.

Ɗaliba_Zee:
Daga Latin ne, mentum, ma'anarsa haɓa. Ba ruwansa da taɓin hankali.

Maman_Hanan:
Na ɗaga shi a taga tun ɗazu ina neman farin zaren, wallahi duk ya cakuɗe min. In ɗauka da waya in turo?

Mai_Ɗaukar_Hoto:
Ba zai yi amfani sosai ba Hajiya. Zaren da ake magana sirintarsa kamar gashi, waya za ta haɗiye shi. Abin da ya fi shi ne a sake ɗauka ta wata kusurwa. A bar fim ɗin inda yake, a ɗan matsar da bakin injin gaba ko baya. In ƙurji ne, manne yake da saiwa, duk inda aka juya yana nan a gindinta. In ƙofar nan ce, tunda a bangon ƙashi ta wajen kunci take, sai ki ga ta zame ta bar saiwar. Gwada da kanki: ɗaga yatsu biyu ɗaya a bayan ɗaya, ki rufe ido ɗaya, ki karkata kai. Za ki ga sun rabu.

Hajiya_Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan radiyo muke ce ma hoton. Ni nawa labarin na sama ne. Bara da hunturu turamena na sama duka suka ɗau ciwo, in na sunkuya sujada kamar za su zubo. Aka yi mini radiyo, na ga wani babban baƙin fili bisa saiwoyin, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ƙashin ya cinye. Lokotoro ya yi dariya ya ce wannan ɗakin iska ne, kowa da nashi. Ashe mura ce ta toshe shi. Magani ya ba ni, ko haƙori ɗaya ba a taɓa ba.

Likita_Mai_Turmi:
Hajiya kin kawo misali mai kyau. Muƙamuƙin sama ya ma fi na ƙasa tarkon ruɗi. Wannan kogon iska yana cikin ƙashin kumatu, yana da ƙofa zuwa hanci, kuma daɓensa yana fitowa a hoto kamar siririn farin layi mai lanƙwasa a saman saiwoyi. A wasu mutanen saiwoyin na shida da na bakwai sai ka ga kamar sun kutsa cikinsa. Sau da yawa inuwa ce ta hau inuwa, amma wani lokaci da gaske ƙashin da ke tsakani bai fi takarda kauri ba. Don haka muke son hoto kafin cire turmin sama.

Ban da shi, a saman na shida akwai wani farin abu mai siffar U, wannan gindin ƙashin kunci ne, yakan rufe saiwoyin har ka kasa ganinsu. A saman fiƙa kuma bangon hanci da bangon kogon iska suna haɗuwa su yi kamar Y da aka kifa. Tsakanin saiwoyin haƙoran gaba biyu na sama akwai wata ƙofar, mai siffar ƙwai, ita ma ta jijiya ce da ke saukowa ganɗa. Ita ce 'yar uwar wadda muke zargi a hoton Maman Hanan, kuma ita ma an sha ɗaukarta ƙurji. Har da wani siririn baƙin layi a tsakiya inda ƙasusuwan dama da hagu suka haɗu, wanda bai sani ba sai ya ce tsagewa ce, musamman in yaro ya faɗi aka kawo shi.

Sani_Direba:
Wannan maganar ta takarda gaskiya ce. An taɓa cire min turmin sama a wani wuri ba tare da hoto ba. Na koma gida na kurkure baki, ruwa ya fito ta hanci. Na ɗauka aljanu ne. Sai da aka yi min ɗinki a wani asibitin, aka hana ni fyace hanci kwana da kwanaki.

Anti_Balaraba:
Subhanallahi. Allah ya ƙara kiyayewa Sani.

Alhaji_Tsohon_Hedimasta:
Yara, ku bar ni in sa baki ko da ba fannina ba ne. Wannan haske wani Bajamushe ne, Röntgen, ya gano shi a watan Nuwamba na 1895 a garin Würzburg, kuma don bai san ko mene ne ba ya sa masa X. Ba a yi wata uku ba wani likitan haƙori a Jamus ɗin, Otto Walkhoff, ya sa aka ɗauki nasa bakin, ya zauna minti 25 ana haska shi. Ku da ake ɗauka kafin ƙiftawar ido har kuna ƙorafi.

Tambayata ita ce, ina da haƙorin Makka tun hajjina na fari. Kwanan baya aka ɗauke ni hoto sai na ga wurin fari fat kamar an manna takarda. Likitan ya ce ba ya iya ganin abin da ke ƙarƙashi. Ashe akwai abin da ya fi ƙarfin na'urar?

Likita_Mai_Turmi:
Akwai, Baba. Ƙarfe irin su zinare ko azurfa ko baƙin cikon nan na da, yana tare hasken gaba ɗaya. Abin da ke cikin rigar ƙarfen da aka sa wa haƙorin ba ya ganuwa, sai dai mu duba bakin rigar inda ta haɗu da haƙori, da kuma saiwa. Matsalar haƙorin Makka ita ce in ba a zaunar da shi daidai ba, abinci na shiga ta gefe, ruɓa ta yi ta aiki a ɓoye shekara da shekaru, sama kuwa sai ƙyalli. In ka fara jin wari ko dasashin wurin na jini, a duba.

Ummi_Fagge:
Ni abin dariya ne ya same ni. Babban hoton nan aka yi min, wanda injin ke zagaya kai, OPG. Na cire sarƙa amma na manta da ɗan kunne ɗaya a ƙarƙashin hijabi. Hoto ya fito da ɗan kunnen a gefensa, sannan ga wani farin gajimare a ɗaya gefen, sama kaɗan, ya rufe turamen. Sai da aka sake, na sake biya.

Mai_Ɗaukar_Hoto:
Shi muke kira fatalwa. Injin yana zagayawa ne, hasken ya ratsa ɗan kunnen sau biyu, na biyun ya jefa inuwarsa a ɗaya ɓangaren, ta fi girma, ta fi dishi-dishi, kuma ta ɗan hau sama. Amma gaskiya laifin mai ɗauka ne, shi ya kamata ya tambaya. Ni kafin in kunna sai na lissafa: 'yan kunne, ɗan hanci, fil ɗin hijabi, ribbom mai ƙarfe, tabarau, haƙoran roba. Kuma in ce a manna harshe a ganɗa. In ba a manna ba, iskar da ke tsakani sai ta zana baƙin bel a kan saiwoyin sama duka. A wannan babban hoton har ƙashin wuya yana fitowa, a gefe biyu da kuma wani farin hazo a tsakiya. Ga wani ɗan ƙashi a ƙarƙashin muƙamuƙi da ke shawagi shi kaɗai, na maƙogwaro ne, mutane kan ɗauka wani abu ne ya karye.

Wani abin kuma, hagu da dama. Ana kallon hoton ne kamar kana fuskantar mutumin, damarsa tana hagunka. Kada ki ga abu a hagun hoto ki kama kuncin hagu.

Ba_Ruwana77:
To duk na ji. Amma ku faɗi gaskiya, sake hoto sake hoto ɗin nan ba cin kuɗi ba ne? Kuma hasken ba ya illa? Matata na da juna biyu aka ce ta yi, na hana.

Likita_Mai_Turmi:
Kuɗin ƙaramin hoto ɗaya da kuɗin dasa haƙorin da aka cire bisa kuskure, ka auna da kanka. Batun illa kuma, ƙaramin hoton haƙori ɗaya bai wuce abin da jikinka ke sha daga ƙasa da sararin sama a kwana guda ba, kana zaune a gida. Duk da haka ba a yinsa don nishaɗi, sai da dalili. Mai juna biyu ta faɗa wa likita, shi zai duba ko abin na jira ne. Amma ƙurjin da aka bari yana ruruwa a bakinta ya fi hoton haɗari.

Ban ce kuma duk baƙi halitta ba ne, kada a juya min magana. Akwai kumburin muƙamuƙi da muke gani a asibitocinmu, a hoto kamar kumfar sabulu, ba ya ciwo da fari, sai ya girma ake kawo shi. Wannan ba abin a zauna ana muhawara a waya ba ne.

Ɗaliba_Zee:
Likita, ka tuna min da wanda ya kayar da ni a gwaji. Aka ba mu hoton haƙoran gaba na ƙasa na wata mata mai shekara arba'in da wani abu, kowace saiwa da baƙin ɗigo a gindi. Na rubuta ƙurji da ƙarfin gwiwa. Ashe wani sauyin ƙashi ne da aka fi gani a mata baƙar fata masu matsakaicin shekaru, haƙoran duk rayayyu ne, da shekaru ma ɗigon kan koma fari. Ba a yi masa komai sai sa ido. Tun ranar na daina rantsuwa a kan hoto kafin in gwada haƙori.

Ruɓa ma tana da nata ruɗin. A wuyan haƙori, tsakanin inda hula ta ƙare da inda ƙashi ya fara, wurin kan yi duhu don ba shi da kauri, sai ka ce kogo ne. Ta ɗaya gefen kuma, ruɓa ta gaskiya ba ta bayyana sai ta cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na ma'adinin wurin. Wato abin da ke baki kullum ya ɗan fi abin da ke fim.

Ɗan_Gwammaja:
Ƙanwata, wato gani bai kori ji ba ke nan a wajenku.

Anti_Balaraba:
Ni fa har yanzu hankalina na kan wanda ya ce a cire. Ko taɓa haƙorin bai yi ba?

Maman_Hanan:
Anti ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙarfe, ban ji komai ba. Daga nan sai hoto.

Malam_Na_Zariya:
A yi wa mutumin adalci dai. Shi ya ga baki, ya ga hoto, mu ba mu ga ko ɗaya ba. Ƙila akwai abin da ya gani da ba ta iya kawo mana ba. Ni an taɓa ce min nawa ba komai, na yi wata uku ina murna, na wayi gari kunci kamar an cusa lemo. Ba kullum mai cewa a bari ne mai gaskiya ba.

Likita_Mai_Turmi:
Haka ne Malam, shi ya sa tun farko na ce ban yanke ba. Ana iya samun duka biyun ma a wuri ɗaya, ƙofa tana nan, ciwo yana nan. Kuma haƙori kan mutu ba tare da kogo ba, in ya taɓa buguwa ko ya tsage. Ko da ƙurjin ne kuma, cirewa ba ita kaɗai ce hanya ba, ana wanke cikin saiwa a cike ta.

Maman_Hanan:
Jama'a na dawo. Yau na je babban asibiti. Likitar ta sa auduga mai sanyi a kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Na biyar ya ji sanyi daidai, ya wuce. Da ta zo na shida kuwa sai da na ɗaga daga kujera. Ta ce tana zargin kogo a tsakaninsa da na bakwai, inda ido ba ya kaiwa, kuma hoton farko bai kama wurin da kyau ba. Game da baƙin ɗigon ta ce ta fi zaton ƙofar ce, amma ba za ta sa hannu ba sai an sake ɗauka ta gefe. Injinsu kuma yau babu wuta, sai Litinin.

Malam_Na_Zariya:
To tsugune ba ta ƙare ba. Allah ya kai mu Litinin ɗin, ki dawo mana da labari.

Ba_Ruwana77:
Ni dai har yanzu ina ganin da wahala mutum biyu masu takarda su kalli abu ɗaya su saɓa haka.

Baban_Khalifa:
Afuwan, na shigo a makare. Likita, ɗana mai shekara bakwai yana famfara, aka ɗauke shi babban hoton. Na ga haƙora jere a cikin ƙashi a ƙarƙashin na bakinsa, kowanne cikin wani baƙin zobe kamar ƙwai a kwali, wasu ma ba su da saiwa. Uwarsa tun jiya take kuka wai haƙora sun yi masa yawa. Shi ma turmin da ya fito masa bara, gindin saiwarsa a buɗe yake da baƙi. Shi ma irin na Maman Hanan ne?

Ɗaliba_Zee:
Baban Khalifa, a ba Maman Khalifa haƙuri ta share hawaye. Na nono 20 ne, na girma 32, kuma a shekarunsa yawancin na girman suna cikin ƙashi suna jiran layi, kowanne a jakarsa, ita ce zoben da ka gani. Kan haƙori ake fara ginawa, saiwa ta biyo baya. Turmin da ya fito yana ɗan shekara shida saiwarsa ba ta rufewa sai wajen shekara tara zuwa goma. Amma ka ƙirga mana, nawa ka gani a ƙasa ta kowane gefe?

Baban_Khalifa:
Bari in ɗauko hoton, yana cikin mota.